Ciwon ƙugu: Malam tela, motsi ya fi laɓewa

"Assalamu alaikum. Ni tela ne, shagona na Mabera nan cikin Sakkwato, shekaruna 39. Wata biyar da sunka wuce na duƙa in sauke jarkar ruwa daga kura, sai na ji ƙuguna ya riƙe kamar an soka min wuƙa. Na yi sati uku kwance. Da na tashi na yi hoton ƙashi, wanda ya duba ya ce ƙashin bayana ya fara cinyewa, kar in ƙara duƙawa, kar in ɗauki kaya. Tun daga nan bisa kujera nike salla, kullum ƙuguna ɗaure da bel, ina shan haɗin mai kemis safe da dare. Wasu sun ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, an yi min ƙaho sau biyu. Ciwon bai tahi ba. In na daɗe bisa keke shina sauka har mazaunina na dama, amma bai kai gwiwa ba. Ko iyalina na ƙaurace ma don tsoro. Ga azumi tahe, ɗinkin salla kuwa shi ne abincinmu na shekara. Shin bayan nan ya lalace ke nan? Mi za ni yi?"

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Bisa abin da ka faɗa, bayanka bai lalace ba. Na sa wannan a gaba ne don na ga tsoron ya fi ciwon cin ka. Amma tunda wasiƙa na karanta, ban taɓa bayan da hannuna ba, akwai alamomin da nake so ka duba a jikinka kafin ka ɗauki sauran maganata.

Idan fitsari ya riƙe maka, ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida yana kufce maka, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da matsematsinka sun mutu kamar ba jikinka ba, to ajiye wayar nan ka hau kabu-kabu zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yau ɗin nan, ko da tsakar dare ne. Wannan alama ce ta an danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma sa'o'i ake ƙirgawa a kansa, ba kwanaki ba. Haka in ƙafa tana raunana, silifas yana faɗuwa ba ka ji ba, ko kana jan ƙafar. Sai kuma waɗanda ba na gudu ba ne amma ba a kwana a kansu sati biyu: zazzaɓin da ya ƙi tafiya, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ba ya lafawa ko ka kwanta, har yakan tashe ka daga barci kullum. A ƙasarmu dole a tuna da tarin fuka, domin ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon da ke kwiɓi ɗaya tare da zafin fitsari ko jini a ciki, wannan maganar ƙoda ce. Mai sikila, da wanda ya faɗo daga sama ko ya yi hatsari, da dattijon da ciwon ya fara masa sabo fil, su ma likita za su fara gani.

Ba ka ambaci ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ka bayyana shi ne ciwon da kusan tara cikin goma na masu ciwon ƙugu ke fama da shi, wanda ba a iya nuna ƙashi ɗaya ko jijiya ɗaya a ce ga mai laifin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke ɗauke da ciwon ƙugu, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Galibinsu suna samun sauƙi sosai cikin sati shida na farko. Tambayar da ta dace ita ce, me ya sa naka ya kai wata biyar?

Mu fara da hoton. Ƙugu ƙasusuwa biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi da ke zama kamar gammo, sannan tsoka da jijiyoyi sun naɗe su ta ko'ina. Gini ne mai ƙarfin gaske. Da shi ɗan dako yake sauke buhun albasa a kasuwar Kara shekara ashirin, da shi leburan Kalambaina ke ɗaukar siminti mai kilo 50 tun safe har yamma. Abin da aka kira "cinyewa" a hotonka, yawanci ba komai ba ne illa alamar shekaru. A 2015 wasu masana sun tattara hotunan bayan mutum sama da 3,000 waɗanda babu abin da ke yi musu ciwo. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin ɗari faifansu ya riga ya nuna wannan sauyi. Cikin 'yan shekara 80, kashi 96. Lafiyayyun mutane fa, masu harkokinsu. Da za a tara telolin layinku sa'anninka a ɗauki hoton kowa, fiye da rabi za a ce musu abin da aka ce maka. Furfura ce, sai dai a ƙashi ta fito. Wanda ya yi furfura ba ya ɗaure kansa da bandeji.

Ban san wanda ya karanta maka hoton ba, wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi. Amma maganar nan ta "kar ka ƙara duƙawa" tana yi min zafi, domin na ga magidanta da yawa da kalma ɗaya irin wannan ta zaunar, ba ciwon ba.

Ga abin da nake ganin ya faru. Ranar jarka, tsoka ko wata gaɓa ta ƙugu ta ji jiki, sai naman wurin ya ƙanƙame don ya kare ta. Wannan shi ne riƙewar da ka ji. Irin wannan rauni yakan warke da kansa kamar targaɗen ƙafa. Kwana ɗaya ko biyu na hutu sun isa. Kai kuwa ka yi sati uku a kwance, tsoka ta saki, gaɓoɓi suka sandare. Shi faifan nan kuma kusan babu jijiyar jini a cikinsa, abincinsa yana shiga ne ta hanyar matsawa da sakewa in mutum na motsi, kamar soson da ake matsewa cikin ruwa. Da ka tashi sai ka ɗaura bel, ya karɓe aikin da tsokar ciki da ta baya ya kamata su yi. Ka daina duƙawa, ka daina ruku'u. Jiki kuwa abin da ka daina sa shi, shi ma sai ya daina iyawa. Kan wannan sai tsoro ya hau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Haka jijiyoyin jin ciwo suke: in mutum ya daɗe yana gadin wuri yana jiran ciwo, sai su zama masu tsarguwa, motsin da bai kai ya kawo ba su kai ƙararsa kamar an karya ƙashi. Ciwon da kake ji gaskiya ne, ba raki ba ne, kada wani ya ce maka a kanka yake. Sai dai zafinsa ba ma'aunin ɓarna ba ne.

Hanyar fita ita ce ka koma wa motsi, da kaɗan-kaɗan, kullum.

Fara da tafiya a ƙasa. Gobe bayan sallar asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido, ka yi minti goma kana tafiya, hannuwa a sake, ba ka dafe ƙugu ba. Bayan magariba ka ƙara goma. Duk bayan kwana uku ko huɗu ka ɗora minti biyu zuwa biyar, har ka kai rabin awa, kwana biyar a sati. Kada ka raina ta don ba a sayen ta. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 701 da suka tashi daga ciwon ƙugu. Waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya aka kuma wayar musu da kai sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki. Waɗanda aka bari haka nan, kwana 112. In shagonka ba shi da nisa da gida, bar babur, ka taka.

Sai aikin tabarma, minti goma safe da yamma. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ka riƙa kwantar da gwiwoyin dama da hagu a hankali kamar sau goma. Ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka riƙe ka ja numfashi uku, ka sauya. Daga nan ka ɗaga mazaunai sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka ƙirga biyar, ka sauko, sau takwas. Wannan na fi so ka riƙe da kyau, domin mai zama a keke tsokar mazaunansa ce ke fara raunana, aikinta kuma sai ya koma kan ƙugu. Juya rub da ciki ka tokare da gwiwar hannu, ƙirji a ɗage, ƙugu a sake, minti ɗaya. Mutumin da ya wuni a dunƙule kan ɗinki yakan ji daɗin wannan ƙwarai. Sannan ka yi tsayuwar rarrafe, ka gantsare bayan, ka kuma tura shi sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci. In sati biyu ya wuce, ƙara da miƙe hannun dama da ƙafar hagu a lokaci guda kana cikin rarrafen, sannan ka sauya, da kuma tashi-zauna daga kujera sau goma ba tare da dafa komai ba.

Za ka ji ciwo kana yi, kuma wannan ne wurin da mutane ke tsayawa. Ga ma'auni. Ciwon da za ka iya jurewa kana numfashi lafiya, wanda zuwa gobe war haka ya koma inda yake, ba shi da laifi, ci gaba. Wanda ya ƙaru ya kwana ya wuni, ka yi yawa, rage rabi, amma kada ka bari. Ka kuma lura da inda ciwon ya dosa. Motsin da ke sa ya tattaro daga mazauni ya koma tsakiyar baya, abokinka ne ko da tsakiyar ta ɗan ƙara zafi. Wanda ke tura shi ƙasa zuwa cinya da ƙwauri, ajiye shi tukuna.

Maganar salla. Shari'a ta yi maka sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefe. Ba ka yi laifi ba da ka zauna lokacin da ka kasa. Amma kujerar nan ta lalura ce, bai kamata ta zama mazauninka ba, kuma ruku'u da sujada ba sa ɓata baya. Koya wa jikinka su a gida. Tsaya bayanka na kallon bango, tazarar taki ɗaya, ka ɗan saki gwiwa, ka tura mazaunai baya har su taɓa bangon, hannuwa na gangarawa kan cinya zuwa gwiwa. Ka ga ruku'u ke nan, kuma lanƙwasar daga kwatangwalo take fitowa. Yi goma safe, goma yamma. In ya zauna, gwada nafila raka'a biyu a ɗakinka inda babu mai jiran ka, ka aje kujerar kusa don dafawa wajen tashi daga sujada. Daga nafila sai farilla ɗaya, ka zaɓi azahar ko la'asar, domin da asuba baya ya fi sandarewa, faifan yakan sha ruwa cikin dare ya cika. Ina sa ran kafin tarawihi ta yi nisa za ka shiga sahu da ƙafafunka.

Ɗaukar kaya ma haka za ka dawo masa. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma ina kyautata zaton daga nesa ka miƙa hannu ka fizgo ta kana murɗa jiki, bayan ka wuni a zaune. Fara da buta, sai bokiti rabi, sai cikakke. Ka matso da kayan jikinka, ka buɗe ƙafa, ka juya da ƙafafu ba da ƙugu ba. Manufa ita ce nan da wata biyu ko uku ka ɗauki jarkar nan da kanka, ba ka guje ta har abada ba.

Yanzu shago, inda nake ganin asalin matsalar take. Babu wani zama na musamman da za a ce shi ne daidai, wanda in ka yi shi ka tsira. Miƙewa ƙyam kamar soja awa biyar ma ciwo take kawowa. Daɗewa a yanayi ɗaya shi ne abin gudu, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kada ka wuce rabin awa ba ka miƙe ba. Na san tela in aiki ya kama shi ba ya kallon agogo, don haka ɗaura abin a kan aikin: ka gama hannun riga, tashi; ka gama wuya, tashi. Minti ɗaya ya isa, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan gantsare baya sau biyar. Mayar da teburin guga can ƙarshen shago, kuma daina miƙa wa yaro, je ka goge da kanka. Yanka a tsaye kan tebur mai tsawo, ba a tsugune kan tabarma ba. In benci kake zama, nemi kujera mai majingina, ka naɗe ragowar yadi ka sa a ramin ƙugunka, tsawonta kuma ya zama kwatangwalo ya ɗan ɗara gwiwa. Matso da kujerar jikin keke. Ka sa fitila mai haske daidai kan allura, domin rabin dunƙulewar tela neman gani ne, kuma a shekarunka ba laifi ka gwada idonka. Walat ko waya da ke aljihun baya, cire su.

Bel ɗin fa, kwance shi. In kana jin tsoro, rage awanninsa cikin sati ɗaya har ka rabu da shi. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, bel da majanyin baya suna cikin abubuwan da ta ce kada a dogara da su, tare da jan baya da na'ura da magunguna dangin tiramol. Abin da ta sa a gaba shi ne wayar da kan mai ciwo da motsa jiki.

Haɗin kemis ya fi komai tayar min da hankali a wasiƙarka. Wata biyar, safe da dare, ba ka san sunan ko ƙwaya ɗaya ba. Irin wannan ƙulli yakan haɗa diklofenak da ibuprofen ko firoksikam, alhali duk dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarna yake ninkawa: gyambon ciki, hawan jini, ciwon ƙoda. Ka ɗora wannan a kan zafin garin nan da ke wuce digiri 40 a bazara, ga azumi babu ruwa tun alfijir, ga jiƙon basir mai sa gudawa. Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa. Wani lokacin kuma akan sa deksametason ko firednisolon a ciki, masu kumbura fuska, su tayar da suga, su rage ƙarfin ƙashi. In akwai su, ba a yanke su rana ɗaya bayan an daɗe ana sha, janyewa ake yi a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Don haka kada ka zubar, kada ka yanke shi da kanka rana ɗaya, kada kuma ka daɗe kana sha likita bai gani ba. Kwashi ƙullin yadda yake ka kai asibiti cikin satin nan a faɗa maka mene ne, a auna jininka, a duba ƙoda da suga. Maganin ciwo yana da wurinsa, guda ɗaya, na 'yan kwanaki, bayan cin abinci, don ya ba ka damar motsi. Gashi da ruwan ɗumi ko tawul mai zafi minti goma sha biyar yana sassauta tsoka, kuma ba ya taɓa ƙoda.

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, alamarsa jini ko tsiro ko ƙaiƙayi a wurin. Ba shi ya riƙe maka ƙugu ranar jarka ba, duk abin da mai lasifika a bakin kasuwa zai ce. Ƙaho kuwa ka yi sau biyu, ka ga iyakarsa a wannan ciwon. In za ka sake don wani dalili, sabuwar reza, saboda ciwon hanta. Kada ka bari kowa ya hau bayanka da ƙafa da sunan mayar da ƙashi. Babu ƙashin da ya goce.

Game da iyali, na ji daɗi da ka faɗa, da yawa sukan haɗiye. Kusantar iyali ba ta lalata baya, kuma ba ita ta jawo maka wannan ba. Ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata tsoro ne ya nisanta ka, domin wata biyar tana can tana saƙa wani abu daban a zuciyarta. Ku zaɓi yanayin da ba ya matsa maka, a gefe ko kai a rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwa. Rabuwa da wannan damuwar kaɗai za ta rage maka wani abu, don rashin barci da tunani suna ƙara wa ciwon baya wuta, kamar yadda taba ke yi in kana sha.

In ka je asibitin, roƙi a tura ka sashen gashin ƙashi da motsa jiki, wanda ake kira fisiyo. Su za su duba ƙarfin ƙafarka da jijiyoyinka, su gyara maka motsin nan daidai da jikinka. Ka ce musu motsa jiki ka zo koyo, ba a kunna maka fitila a baya ka tashi kawai ba. Sabon hoto mai tsada ba shi ne buƙatarka yanzu ba, sai in sun ga wata alama daga cikin waɗanda na lissafa a sama.

Ciwon zai motsa wata rana, ko bayan ka ji sauƙi, haka ɗabi'arsa take. Ranar da ya motsa ba komawa farko ka yi ba. Rage aiki kwana biyu, gasa wurin, ci gaba da tafiya ko ta minti biyar ce, kada ka koma shimfiɗa.

Saura ɗinkin salla. Za ka iya yin sa, amma ba irin na bara ba, inda ake kwana uku a kan keke a goman ƙarshe. Tun yanzu ka yanke adadin da za ka karɓa, ka rufe karɓar kaya da wuri, ka faɗa wa masu kawowa gaskiya. Raba aikin: kai yanka da wuya da aljihu, yaranka su ja dogon ɗinki. Aikin dare bayan tarawihi ya tsaya a awa uku, da tashi tsakani, sannan ka samu barcin da ya kai awa shida ko da a rarrabe ne. Tsakanin buɗa-baki da sahur ka sha ruwa sosai. Tafiyar bayan magariba ka yi ta bayan ka sha ruwa. In sati shida ya cika kana kan wannan, sake rubuto min ka faɗa min minti nawa kake takawa, da salla nawa ka yi babu kujera, da abin da aka ce yana cikin ƙullin nan.